Yadda Na'ura Ke Mayar da Zafi Lamba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umarni da a adana yawancin alluran rigakafi a cikin sanyin da bai gaza digiri 2 ba, bai kuma wuce digiri 8 ba a ma'aunin Selshiyas. Idan zafin firiji ya haura wannan iyaka na tsawon lokaci, ƙarfin maganin yakan ragu, ko da yake ido ba zai ga canji a kwalbar ba. Shi ya sa ake haɗa irin wannan firiji da na'ura mai lura da zafi dare da rana. To, yaya na'urar ke gane zafi, alhali ba ta san komai ba sai lamba?

Zafi yana hawa yana sauka ne a hankali, ba tare da yankewa ba. Ita kuwa ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, wato maikurokontirola, da 0 da 1 kawai take aiki. Abin da ke sada su shi ne wani sashe a cikinta da masana ke taƙaita sunansa da ADC, mai juya ƙarfin lantarki zuwa lamba.

A ɗauki ATmega328P, wadda ke kan allon Arduino Uno da ɗalibai ke koyo da shi. Idan aka haɗa ta da ma'aunin zafi na LM35, ma'aunin yakan fitar da milibolt 10 kan kowane digiri guda, wato digiri 8 zai ba da milibolt 80. Da farko ADC yakan kama wannan ƙarfi ya riƙe a cikin ƙaramar kafasita, domin kada ya canza ana cikin awo. Daga nan sai ya yi irin abin da mai sikeli ke yi da duwatsun awo: ya fara gwada babba, sannan ƙanana. Yakan tambaya ko ƙarfin ya kai rabin bolt 5, wato bolt 2.5. In ya kai, ya rubuta 1, in bai kai ba, ya rubuta 0. Sai ya raba tazarar da ta rage biyu, ya sake tambaya. Bayan tambaya goma an sami lamba tsakanin 0 da 1023, duk cikin kusan kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura. An raba bolt 5 gida 1024, saboda haka kowane mataki kimanin milibolt 4.9 ne, kusan rabin digiri ke nan. Milibolt 80 zai fito a matsayin 16, kuma duk canjin da bai kai mataki guda ba yana iya wucewa na'urar ba ta gani ba. Amma ATmega328P tana da wani mizani na ciki mai bolt 1.1. In aka zaɓe shi a maimakon bolt 5, mataki yakan koma kusan kashi ɗaya cikin goma na digiri.

Jikin ɗan Adam ma yana da irin wannan dabara. A shekarar 1926, Edgar Adrian na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa jijiyoyin ji suna aika saƙo ne da bugu masu girma ɗaya, kuma yawan bugun ne ke nuna ƙarfin abin da aka ji. Wannan aiki ya sa ya sami lambar yabo ta Nobel a 1932.

Saboda haka, duk ɗalibin da zai ƙera na'urar tsaron firijin rigakafi, wajibi ne ya fara lissafa girman matakin ADC ɗinsa kafin ya amince da lambar da ya gani a allo.