KARE MAI HORO DON MAI CIWON SUGA: HUKUNCINSA DA YADDA AKE KOYAR DA SHI

 

Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya. Maigidanta yana allurar insulin, sau biyu ke nan sugansa yana faɗuwa cikin dare, sai dai ta farka ta same shi jiƙe da gumi ba ya gane kowa. Ɗansu da ke karatu a Amurka ya ce can akwai karnukan da ake koya wa shinshino faɗuwar suga su ta da mutum. Tana tambaya: gaskiya ne? Ya halatta? Kuma mutum zai iya horar da nasa?

Gaskiya ne, Hajiya. Tun 1916 aka buɗe makarantar karnukan ja-gora a Jamus saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga baya abin ya faɗaɗa zuwa kurame, masu farfaɗiya da masu suga. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ba ta wajabta sai wata makaranta ce za ta horar da karen ba, shi ya sa mutane da yawa can suke horar da nasu.

Ta fuskar shari'a, hadisi ya tabbata cewa ajiye kare yana rage lada kullum, in ban da na farauta, na kiwo da na gona. Malamai da dama sun yi ƙiyasin sauran buƙatu na gaskiya a kan waɗannan ukun. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, da katangar gidansa ta faɗi kare ya ajiye. Da aka tuna masa Imamu Malik ya karhanta haka, ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. To in an yarda a tsare akuya da kare, ina ga ran ɗan Adam? Ko a birnin Lesta na Ingila, a 2008 malamai sun ba da fatawa wani makaho ya riƙa zuwa masallaci da karen ja-goransa, aka yi wa karen wurin jira daga bakin ƙofa.

A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. Shafi'iyya da Hambaliyya najasa suke ɗaukarsa. Batun mala'ikun rahama da ba sa shiga ɗakin da kare yake, Alkhaɗɗabi yana ganin bai shafi karen da aka halatta ba, Annawawi yana ganin ya game kowane. Ni abin da na fi natsuwa da shi: a yi masa shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin mara lafiya, kwanonsa daban, kada ya hau gado, kada ya taka wurin salla.

Sai horon. Malaman fiƙihu da suke bayanin kare mai horo a babin farauta sun ce shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Wallahi nan ne tushen komai. Karen da bai san "zo", "zauna", "bari" ba, kada ma ka fara masa zancen suga. Mafarautanmu sun san wannan tun kaka da kakanni.

Ka zaɓi kwikwiyo mai natsuwa, mai son mutane da son abinci, wanda in ƙarfe ya faɗi zai firgita kaɗan ya dawo ya shinshina. Mai tsoro ko mai gurnani, bar shi. Kafin ya cika wata uku zuwa huɗu ne yake saurin sabawa da duniya, a nan za ka saba masa da yara, awaki, ƙarar janareto da babur. Da ya kai wata uku a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafin haukan kare, a riƙa sabuntawa, a ba shi maganin tsutsa da na kaska. Wannan ba abin sakaci ba ne fa, haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya a tashi.

Koyar da ƙamshin kuwa ga yadda masu yi suke yi. Duk sanda na'urar gwaji ta nuna suga ya sauka ƙasa da 70, a ɗauki auduga mai tsabta a jiƙa da yawun mara lafiya, da hanzari kafin ya sha zaƙi, amma kada a jinkirta masa magani saboda auduga. A rufe ta ruf a kwalba a sa a firiza. In wuta ba ta zama a unguwarku, gara a riƙa ɗibar sabuwa. A sa audugar cikin ɗan gwangwani mai huji-huji. Da kare ya kai hanci, nan take ka ce "madalla" ka ba shi ɗan yankin dafaffiyar hanta. Nan take na ce, don in ka yi jinkiri ba zai san me aka yi masa tukuici a kai ba. Kada a ba shi kilishi, albasa da tafarnuwa suna cutar da kare.

In ya gane, sai a haɗa masa da alama guda ɗaya, misali ya dafa ƙafarka da dagi. Ya shinshina, ya dafa, sannan hanta. Daga nan a kawo gwangwani na biyu mai yawun da aka ɗiba lokacin suga yana daidai, wannan babu lada a kansa. Matakin nan shi ne mutane suke tsallakewa, sai kare ya koyi warin yawun maigida kawai, ya yi ta dafa mutum banza. Bayan haka a ɓoye gwangwanin a aljihu, a ƙarƙashin matashi, mutum ya yi kamar yana barci, har a kai ga gwadawa tsakar dare. Minti biyar zuwa goma ya isa a zama ɗaya, sau biyu ko uku a yini. Ban da duka. Karen da ake duka ba zai yi ƙarfin halin ta da kai daga barci ba.

Aikin nan yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma ko a manyan makarantun karnuka da yawa ba sa kai bantensu. Binciken likitoci ya nuna sun bambanta ƙwarai, wani ya dace, wani ya yi ta kuskure, kuma shi ma kare barci yake yi. Ki ajiye littafi, Hajiya: duk dafawar da ya yi a gwada a rubuta, duk faɗuwar da ya yi shiru a kanta ita ma a rubuta. Littafin ne zai gaya miki ko ya iya.

Kafin nan, faɗuwa biyu cikin dare magana ce ta likita a makon nan, wataƙila allurar dare ta yi yawa ko cin abincin ya canza. A gwada suga kafin kwanciya. A ajiye zuma ko sukari a gefen gado. In ya sauka kuma yana cikin hayyacinsa, cokalin cin abinci ɗaya, a sake gwadawa bayan minti 15. In ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Allah Ya ba shi lafiya, da sauran marasa lafiyarmu.