Gargaɗi Game Da Rataya Kaya A Ɗamammiyar Waya

Idan kaka ta yi a Karfi da sauran garuruwan da ke bisa hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, aka shiga awon masara da waken suya da auduga, akan sami wanda, don rashin reshe mai ƙwari, zai ɗaura waya ko igiya tsakanin itatuwa biyu, ya ɗame ta iyakar ƙarfinsa, sa'an nan ya rataya sikeli a tsakiya, bisa zaton cewa gwargwadon ɗamewarta gwargwadon amincinta. Alhali kuwa haƙiƙar al'amarin akasin haka ce.

Dalili shi ne waya ba ta ja sai ta fuskar tsawonta. Saboda haka idan ta kusa miƙewa samɓal, kaɗan ne daga janta ke tallafe kayan zuwa sama, galibinsa kuwa yana ƙarewa wajen fisgar itatuwan zuwa ga juna, sai ya zama tilas jan ya riɓanya kafin kayan su tsaya. Ma'abota hisabi sun daɗe da warware wannan mas'ala, cikinsu har da Simon Stevin, wanda aka buga littafinsa kan ilmin awo a ƙasar Holan a 1586. Ga misali: tazarar itatuwa mita 4, buhu kilo 100. In wayar ta lotsa mita 1, kowane ɓangarenta na jan kimanin kilo 112. In lotsawar santimita 20 ce, ya haura kilo 500. In santimita 10 ce, kilo 1,000, buhun kuwa bai ƙaru da ko ƙwayar masara ɗaya ba. Wannan hikima ce ta sa ma'aikatan lantarki ke barin wayoyinsu da ɗan ciki tsakanin turaku, ba sakaci ba ne kamar yadda wasu ke zato, balle ma da yake ƙarfe na tsukewa da sanyin hunturu.

Abin da ya fi dacewa shi ne a kafa sanduna uku masu kauri, a haɗe kawunansu, sikeli ya sauko tsaye. In kuwa larura ta tilasta amfani da waya, to, a sassauta mata, a duba tsatsa da wurin ƙulli, domin nan ta fi saurin tsinkewa, a kuma saki buhu sannu a hankali, tun da sakinsa gaba ɗaya kan ninka jan. Wajibi ne kuma a kawar da yara daga wurin, gama wayar da ta tsinke tana ɗame takan dawo kamar bulala, kuma daidai fuska da ido take zuwa.