Abin Da Ya Kamata A Nema Ga Na'urar Jera Sauti

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu sun sha jin irin kiɗan nan na zamani wanda sauti ɗaya ke bin ɗaya da sauri, ya je ya komo, ba gajiya ba kuskure, har mutum ya yi mamakin wane makaɗi ne ke da irin wannan yatsu. To, ba yatsu ba ne, na'ura ce. Sunanta sikwensa, watau mai jera sauti. Nufina a nan in bayyana yadda ta ke aiki, sa'an nan in faɗi abin da ya kamata a duba kafin a kira wata ta ƙwarai. Gama kayan nan da tsada su ke, kuma wanda ya sayi marar kyau ya sayo wa kansa aku, mai maimaita magana ɗaya tun safe har dare.

Bari mu fara da gidan da ta ke zaune. Sintesaiza akwati ne mai yin sauti da lantarki. Irin wanda a ke kira mai sassa ba a haɗe ya ke zuwa ba. Kowane sashe da aikinsa: wani ya haifi sautin, wani ya tace shi kamar rariya, wani ya buɗe masa hanya ko ya rufe. Mai kiɗa ne ke haɗa su da 'yan wayoyi yadda ya ga dama. Robert Moog ya nuna nasa a birnin New York na Amurka a 1964, Don Buchla kuwa ya ƙera nasa a Kalifoniya a tsakiyar shekarun nan na 1960. A 1995 kamfanin Doepfer na Jamus ya fito da wani ƙaramin tsari wanda a ke kira Eurorack, shi ne ya fi yaɗuwa yanzu.

Sassan nan da ƙarfin lantarki su ke magana da juna, ma'auninsa kuwa shi ne bolt. Bisa ga ƙa'idar da Moog ya bi, in an ƙara bolt 1, murya ta hau daga do zuwa do na sama. Sikwensa ita kanta ba ta da murya. Jeri ne na mamurɗai, irin abin da mu kan murɗa a jikin rediyo, kowane ɗaya yana riƙe da nasa ƙarfin lantarki. Akwai agogo mai bugawa, kowane bugu sai ta bar mataki ɗaya ta hau na gaba, ta aika wa mai haifar sauti abin da ta tarar a wurin. In ta kai ƙarshe sai ta koma farko. An ce da ita analog domin ba kwamfuta a cikinta da ke ajiye waƙar. Inda mamurɗi ya ke, nan waƙar ta ke, ido na gani, hannu na iya taɓawa. Wanda ya ke son jin aikinta ya nemi faifan Phaedra na ƙungiyar Tangerine Dream, na 1974, ko waƙar I Feel Love ta Donna Summer, ta 1977.

Galibin masu saye abin da su kan fara tambaya shi ne, matakai nawa gare ta? Ni a ganina wannan ba ita ce tambayar fari ba. Tambayar fari ita ce, in tana cikin tafiya, wane iko ta bar wa hannun mai kiɗa? Ga abubuwan da na ke nufi.

Na fari, a iya rage tsawon jeri ko a ƙara. Sikwensa ta Moog mai lamba 960 matakai 8 gare ta, amma ƙarƙashin kowane mataki akwai makunni mai wuri uku: a taka shi, a tsallake shi, ko a tsaya a kansa. In ka tsallake biyu, saura 6. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gare mu. Kiɗan Afirka ta Yamma da yawa bisa ƙirga 12 ya ke tafiya. Ku tuna da bugun ƙarfen nan da a ke ji wurin Yarbawa da kuma Ewe na Gana: cikin ƙirga 12, a buga a kan 1, 3, 5, 6, 8, 10 da 12. Na'urar da ta kafe a kan 8 ko 16 ba za ta taɓa iya wannan ba, sai dai ta tilasta wa makaɗi ya bar kiɗan gidansu ya bi nata. Sikwensa ta Korg mai suna SQ-10, wadda ta fito daga Japan a 1978, matakai 12 gare ta a kowane layi, ta dace ke nan. Amma wadda ta fi ita ce wadda za ta yarda da kowane adadi, ko 5, ko 7, ko 12.

Na biyu, a iya yin shiru. Ku duba bugun da na ambata: bugu 7 ne, shiru 5, kuma shirun nan shi ne gishirinsa. Saboda haka kowane mataki ya kamata ya sami makunnin ƙofa, watau abin da ke cewa a yi sauti a nan ko kada a yi. Sai a lura, shiru daban, tsallake daban. In an tsallake mataki, jeri ya gajarce. In an yi shiru a kansa, lokacinsa yana nan, murya ce kaɗai ta ɗauke. Na'urar da ba ta rarrabe biyun nan ba, ta gaza. Har wa yau, ya kyautu a iya tsawaita buɗewar ƙofar ko a gajarta, don sauti ya fito a yanke ko a jaye.

Na uku, layi ya fi ɗaya. Moog 960 layi 3 gare ta, mamurɗai 24 ke nan. Layin fari ya riƙe murya, na biyu ya riƙa buɗe rariyar sauti yana rufewa, don wani mataki ya fito da kaifi wani a dushe. Na ukun kuwa akwai makunnin da ke ba shi ikon agogo, har wani mataki ya daɗe wani ya wuce da sauri. Da wani ɗan sashe mai lamba 962 a kan iya bin layukan ɗaya bayan ɗaya su zama jeri guda mai matakai 24. Abin da na fi so kuwa shi ne kowane layi ya iya samun nasa tsawo. Ga lissafi irin wanda mu ke koya wa yaran firamare: in layi ɗaya matakai 3 ne, ɗayan 4, ba za su sake haɗuwa a farko ba sai bayan mataki 12. In 5 ne da 8, sai bayan 40. Da mamurɗai 13 kaɗai an sami abin da kunne ba zai yi saurin ƙoshi da shi ba.

Na huɗu, a iya kama murya daidai ba da wahala ba. Daga do zuwa do rabin murya 12 ne, watau kowane ɗaya kashi ɗaya cikin 12 na bolt. Mamurɗi ya kan juya wajen digiri 300. In an ɗora masa bolt 5, rabin murya 60 ke nan, kowanne digiri 5 kacal, hannu ya ɗan girgiza mi ta zama fa. In kuwa bolt 1 ne, kowanne ya sami digiri 25, ko yaro ya iya. Don haka a nemi makunnin da ke rage faɗin nan. A kuma nemi kwantaiza, sashen da ke jawo ƙarfin lantarki zuwa muryar da ta fi kusa, kamar malamin waƙa mai gyara wa ɗalibi. Sikwensa ta ARP ta shekarun 1970, mai matakai 16, da nata a ciki ta zo. Amma lalle a iya kashe shi, gama ba kowace waƙa ce ke zaune daram bisa maɓallan piyano ba, balle namu na gargajiya.

Na biyar, ta ji maganar waje. A sami kafar da agogon wata na'ura zai shiga, don su yi tafiya tare kamar 'yan fareti. A sami wata kafar da za a ce mata koma farko, da maɓallin fara da tsayawa, da wanda za a riƙa matsawa mataki ɗaya ɗaya sa'ad da a ke daidaita muryoyi. In an sami hanyar ƙara wa dukan jerin bolt daga madannai, waƙar duka za ta hau ko ta sauka ba tare da an taɓa mamurɗi ko ɗaya ba.

Na shida, 'yan abubuwan ƙarin armashi. Tafiya gaba, da baya, da kai da komo kamar lilo, da tsalle barkatai: Doepfer ya yi sashe mai lamba A-154 wanda ke ba sikwensarsa A-155 waɗannan. Sai zamiya, watau murya ta sulale daga mataki zuwa mataki yadda kalangu ke yi in an matsa tsarkiya, amma a iya zaɓen matakin da za ta yi, ba duka ba. Sai ninki, inda mataki ɗaya zai buga sau biyu ko uku ko huɗu cikin lokacinsa. Kada kuma a manta da 'yar fitila bisa kowane mataki, da fili tsakanin mamurɗai inda yatsa zai shiga.

Da wuya a sami na'ura ɗaya mai dukan waɗannan, in ma an samu kuɗinta ba na ɗalibi ba ne. To, in tilas ne a zaɓa, ni zan riƙe uku: tsawon da a ke iya sakewa, da shiru a kowane mataki, da kafar agogo da ta komawa farko. Sauran, kamar kwantaiza da zamiya, a kan iya sayen sashensu dabam daga baya, amfanin mai sassa ke nan. Amma ukun nan in babu su tun farko, gyara da wuya. Yawan fitilu da maɓallai kada ya ruɗe ku, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mu da za mu fita mu tsaya gaban yara, wannan na'ura tana da wani amfani a gare mu. Yaro ya ga fitila tana tafiya, ya ƙirga, ya murɗa, ya ji abin da ya sake, ya koyi waƙa da lissafi gaba ɗaya. Sai dai mu tabbata wadda za mu kai masa ta iya ƙirga 12 kamar yadda ta iya 16, don kada yaro ya tashi yana tsammanin kiɗan garinsu ne ba daidai ba.