Yadda sinadarin oksalet ke zama tsakuwar ƙoda

A watannin Maris zuwa Mayu zafi a Birnin Kebbi da Argungu kan haura digiri 40. Mai aikin gini a unguwar Gesse da manomin shinkafa a fadamar Rima kan wuni suna zufa, fitsarinsu ya ragu ya yi kauri.

Likitoci sun ce irin wannan yanayi ne ya fi haifar da tsakuwar ƙoda, kuma akasarin tsakuwoyin haɗuwa ce ta sinadarai biyu, kalsiyam da oksalet.

Daga ina yake fitowa?

Hanta na samar da wani kaso na oksalet da kanta, sauran kuma daga abinci yake shiga. Alayyafo na cikin ganyayen da suka fi yawansa, ana kuma samunsa a yakuwa da kuɓewa da gyaɗa da dankalin Hausa da waken suya da ganyen shayi.

Jikin ɗan Adam ba ya amfana da shi, kuma ba ya iya narkar da shi. Duk abin da ya shiga jini, ƙoda ce ke tace kusan dukkansa ta fitar da shi a fitsari. Lafiyayyen baligi kan fitar da ƙasa da miligiram 45 a rana.

Abin da ke faruwa a hanji

A mafi yawan mutane, kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na oksalet ɗin da aka ci ne hanji ke tsotsewa. Sauran na fita a bayan gida.

Idan kalsiyam ya tarar da oksalet a cikin hanji, sai su manne su zama abin da ba ya narkewa, wanda hanji ba ya iya tsotsa. Idan kuwa abincin ba shi da kalsiyam, oksalet ya fi samun hanyar shiga jini, sai ya haɗu da kalsiyam a ƙoda, inda haɗuwar ke zama matsala.

Shi ya sa masana suka sauya shawarar da a da ake bai wa masu tsakuwa ta ƙaurace wa madara. A 1993 masu bincike na jami'ar Harvard a Amurka suka wallafa sakamakon bibiyar maza sama da 45,000, inda suka gano cewa waɗanda suka fi samun kalsiyam a abinci sun fi tsira daga tsakuwa.

Wani gwaji na shekara biyar da aka yi a birnin Parma na Italiya, aka wallafa a 2002, ya nuna cewa rage gishiri da nama ya fi rage kalsiyam amfani wajen hana tsakuwa dawowa.

Akwai kuma wata ƙwayar bakteriya mai suna Oxalobacter formigenes, wadda aka bayyana a 1985. Tana zaune a babban hanji, oksalet ne abincinta, kuma wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta na hallaka ta.

Masu cutar hanji da ke hana tsotse mai suna cikin haɗari na musamman, domin man da ya rage a hanji yana kame kalsiyam ya bar oksalet a sake.

Alamomi

Tsakuwa kan jawo matsanancin ciwo a kwiɓi mai gangarowa mara, da amai, da jini a fitsari. A yankunan kogi kamar Argungu, inda aka san cutar tsargiya, ana iya ɗaukar jinin a matsayin tsargiya.

Gwajin fitsari da hoton ciki, irin wanda ake yi a manyan asibitoci kamar na tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, su ke bambance su. Tsakuwar da ta toshe hanyar fitsari na iya lalata ƙoda, kuma idan zazzaɓi ya biyo baya, lamarin na gaggawa ne.

Rigakafi

Ga wanda ya taɓa yin tsakuwa, likitoci na son ya sha ruwan da zai sa ya fitar da fitsari lita 2 zuwa 2.5 a rana. Mai azumi a bazara, kamar yadda Ramadan ya faɗo a 2022 da 2023, sai ya rarraba shan ruwa tsakanin buɗe-baki da sahur.

Ba a ce a daina cin ganye ba. Tafasa alayyafo a zubar da ruwan na rage oksalet, haka shan nono ko kindirmo a lokacin cin abincin. Lemon tsami na ɗauke da sinadarin sitret mai hana tsakuwa ƙulluwa, yayin da yawan gishiri da yawan shan ƙwayoyin bitamin C ke ƙara haɗarin.