Ƙera Samfurin Jirgin Sama da Takarda

Daga cikin abubuwan da mutanen Turai da Japan suke ɗebe kewa da su bayan sun tashi daga aiki, akwai wata sana'ar hannu wadda, ko da yake ba ta neman jari sai 'yan fallayen takarda da gam da wuƙa mai kaifi, tana cin haƙuri da natsuwa fiye da sana'o'i da yawa waɗanda ake ci da su, wato ƙera samfurin jirgin sama da takarda. Kada mai karatu ya zaci jirgin nan ake nufi wanda 'yan makaranta kan yage tsakiyar littafi su ninke su wurga wa juna da zarar malam ya juya baya. Wancan shi dai ya tashi, kama ba ta dame shi ba, alhali kuwa wannan ko taƙi ɗaya ba ya tashi, maƙasudinsa duka shi ne ya fito da siffar wani jirgi na haƙiƙa, da launinsa da lambarsa da kujerar matuƙinsa, ta yadda wanda ya san jirgin zai gane shi da kallo ɗaya. Da yake kuma jirgi ba mai rai ba ne, ƙera shi bai shiga cikin saɓanin da malamai suka yi game da suranta masu rai ba.

Sharaɗi na farko a wannan sana'a shi ne ma'auni. Idan aka rubuta 1:33 a bangon littafin samfuri, ma'anarsa ita ce kowane santimita ɗaya a jikin samfurin yana madadin santimita 33 a jikin jirgin gaske, kuma wajibi ne wannan nisba ta game kowane sashe, tun daga fiffike har zuwa sandar tuƙi. Jirgin yaƙin Ingila da ake kira Spitfire, wanda faɗinsa daga bakin wannan fiffike zuwa wancan ya kai mita 11.23, zai fito da faɗin santimita 34 a wannan ma'auni, daidai abin da mutum zai ɗora a kan tebur. Amma Boeing 747, da tsawonsa ya haura mita 70, da za a yi shi a ma'aunin nan sai ya wuce mita biyu, shi ya sa manyan jiragen fasinja akan rage su zuwa 1:100 ko 1:144.

Asalin al'amarin ya girmi jirgin sama kansa. Tun a ƙarni na 19 maɗaba'ar Pellerin da ke garin Epinal a Faransa take buga fallaye masu launi na gidaje da fadoji don yara su yanka su haɗa, haka nan maɗaba'ar Schreiber ta garin Esslingen a Jamus ta shiga buga irinsu tun 1878. Da 'yan'uwan nan Wright suka tashi da jirgin sama a 1903, Bleriot kuma ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a 1909, sai masu ɗab'i suka ga kasuwa ta buɗe, suka ƙara jirage a cikin hajarsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samfuran roba irin na Airfix da Revell suka cika kantunan Ingila da Amurka, takarda ta ja baya a can. A gabashin Turai kuwa, inda samfurin roba yake da wuyar samu, takarda ce ta ci gaba da riƙe fage: a 1957 aka fara buga mujallar Mały Modelarz a ƙasar Polan, kowace fitowa da samfurinta a ciki, yara da manya suka taso a kanta, har ma'aunin 1:33 ya zama ƙa'idar jiragen takarda a wurinsu, alhali Jamusawa sun fi karkata ga 1:50. Har wa yau samfuran da suka fi tsananin daki-daki, irin na maɗaba'ar Haliński da GPM, daga Polan suke fitowa, kuma a ganina rashin nan na roba shi ya kai su ga gwanintar da masu wadata ba su kai ba.

To, a jikin takardar kanta ne mas'alar take, wadda duk hikimar sana'ar a kanta aka gina ta. Ɗabi'ar takarda ita ce tana lanƙwasuwa ta fuska ɗaya kaɗai a lokaci guda. Kana iya naɗe ta ta zama bututu, kana iya murɗa ta ta zama mazurari, amma ba ka da ikon mayar da ita ƙwallo sai ta yamutse ko ta yage, kamar yadda ɓawon lemo ba ya shimfiɗuwa a kan faranti sai ya tsage. Masanin hisabin nan na Jamus, Gauss, ya kafa hujjar wannan a ilmin handasa a 1827, kuma ita ce dai illar da ta hana masu zana taswira su kwantar da duniya a kan falle ba tare da sun kumbura wata ƙasa sun tauye wata ba. Jirgin sama kuwa, musamman na bayan 1935, kusan duk jikinsa lanƙwasa biyu ne, ta tsawo da ta faɗi, domin iska ta zame a kansa.

Dabarar da masu zana samfuri suka fitar ita ce su yanka gangar jikin jirgin gunduwa-gunduwa a kan takarda, tun daga hanci har wutsiya, kowace gunduwa ta zama guntun bututu ko guntun mazurari, wanda idan aka warware shi sai ka gan shi kamar ɗamara mai ɗan baka. A bakin kowace gunduwa akan cusa wani faifai na kwali mai kaurin milimita ɗaya, wanda aka yanka daidai da siffar jirgin a wannan wurin, shi ne zai hana ta lotsawa, ya kuma tilasta mata ta zama zagaye ko siffar ƙwai gwargwadon bukata. Idan aka jera gunduwoyin aka manne, ido yakan ruɗu ya ga lanƙwasa mai santsi, alhali a haƙiƙa miƙaƙƙun layuka ne gajeru suke bin juna. Gwargwadon yawan gunduwa gwargwadon kyan kama, gwargwadon kuma yawan gaɓoɓin da za a ɓoye. Hukuncin inda za a tsaya tsakanin waɗannan biyu shi ne ke rarrabe mai zane gwani da na koyo, gwanin kuwa yakan sa gaɓarsa ta faɗa daidai inda farantan ƙarfen jirgin gaske suka haɗu, don a ɗauka da gangan aka zana ta. Inda abin ya fi tsauri, kamar kan farfela ko hancin jirgin fasinja, sai a tsaga takardar kunne-kunne, a tattaro kunnuwan su haɗu a tsini.

Wanda ya zauna aiki zai shimfiɗa fallen a kan abin da wuƙa ba za ta ɓata ba, ya ajiye rular ƙarfe da ƙaramin almakashi da matsefata da tsinken sakace. Takardar da aka fi so ita ce mai nauyin giram 160 zuwa 200 a kowane murabba'in mita, wato ninki biyu ko fiye na takardar ofis mai giram 80. Kafin ya yanke sashe, zai bi layin ninki da bayan wuƙa ko da biron da tawadarsa ta ƙare, ya danna ba tare da ya huda ba, don ninkin ya fito sak. Sashen da za a naɗe kuwa sai ya ɗora shi a tafin hannu, ya riƙa murza shi da jikin alƙalami sannu a hankali, har takardar ta ɗauki lanƙwasa da kanta, bakinta biyu su sumbaci juna tun gam bai taɓa su ba. Domin duk sashen da sai an danne shi da ƙarfi kafin ya haɗu, lalle wata rana zai buɗe. Takardar inji tana da ɓangaren da zarurrukanta suka kwanta, ta nan take naɗuwa cikin sauƙi, ta ɗaya ɓangaren kuwa sai ta yi ta karyewa. Gam ɗin shi ne farin nan irin na kafintoci, da kan tsinke ake ɗiba a shafa siriri, saboda ruwa ne a cikinsa, in ya yi yawa takarda ta jiƙe ta kumbura, launin ma ya zube. Akwai kuma wani ɗan aiki da sabon shiga kan raina: duk inda wuƙa ta bi, kaurin takardar yakan bayyana fari fat, to sai a bi bakin da launin da ya dace kafin a manne, in ba haka ba jirgi mai launin ganye ya fito da fararen jijiyoyi a ko'ina.

Fiffike shi ne mizanin da ake auna mai ƙira da shi. A ciki akan kafa ƙashi na kwali mai haƙarƙari, a lulluɓe shi da fata guda wadda aka lanƙwasa ta gaba aka manne ta baya, kuma idan hannu ya ɗan goce a wurin mannewar, sai fiffiken ya murɗe, murɗewar da ba ta da magani sai sake sabo. Tayoyi faya-fayan kwali ne ake ɗora wa juna a goge da samfefa har su yi zagaye, ƙafafunsu waya ce aka naɗe da takarda marar kauri, gilashin matuƙi kuma daga roba mai garai-garai ake yanko shi. Mai yin wannan aiki a ƙasashenmu sai ya yi la'akari da yanayi, gama laimar damina tana sa kwali ya yi laushi gam ya ƙi bushewa, hunturu kuwa kan busar da shi tun ba a daidaita sassan ba.

Ga mai farawa, jiragen farko masu fiffike biyu, sama da ƙasa, sun fi sauƙin jiki, saboda gangar jikinsu kusan akwati ce mai shafaffen gefe, na asalin ma da katako da zane aka yi su; irinsu ne jirage uku samfurin DH.9A na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925. Wahalarsu tana wajen sandunan da ke tsakanin fukafukan da wayoyin da suka ɗaure su, waɗanda akan kwaikwaya da zare.

A zamanin nan kwamfuta ta sauƙaƙa rabin aikin mai zane, domin akwai manhaja irin Pepakura ta Japan wadda ake ba ta siffar jirgi ta warware ta falle-falle, kuma samfura da yawa ana samunsu a intanet, mutum ya buga a shagon buga takardu. Sai dai a gargaɗi mai shagon kada ya bar injin ya rage ko ya ƙara girman shafi don ya cika takarda, domin in wani shafi ya ragu wani bai ragu ba, faifan kwali ba zai shiga gunduwarsa ba. Wanda kuma ya so mayar da samfurin 1:33 zuwa 1:72 da gangan, sai ya raba 33 da 72, ya buga dukan shafukan a kashi 46 cikin 100, sa'an nan ya nemi takarda marar kauri, tun da injin zane kawai yake ragewa, kaurin takarda yana nan yadda yake.