Na'ura da Idon Ma'aikaci a Kan Layin Dogo

A daren 3 ga Fabrairu 2023, wani jirgin kaya mai jan taragu 149 ya goce daga dogo a garin East Palestine na jihar Ohayo a Amurka, taragu 38 suka sauka daga layi, wuta ta tashi, har aka kwashe mutanen gari saboda gubar da ke cikin waɗansu tankoki. Wanda duk ya yi nazarin musabbabin wannan waƙi'a da idon basira zai tarar da mas'alar da ta dami ma'abota sufurin jirgin ƙasa a wannan zamani, wato iyakar abin da ya halatta a damƙa wa na'ura, da abin da ya wajaba ya saura a hannun ɗan Adam.

Asalin abin boris ne na ƙafar tarago na 23 ya ɗauki zafi. Akwai na'urori da aka dasa a gefen dogo don auna irin wannan zafi, kuma sun auna: ta farko ta sami digiri 38 na ma'aunin Farenhait sama da zafin iska, ta biyu 103, ta uku kuwa, wadda ke da tazarar wajen mil 20 daga ta biyu, ta sami 253. A nan ne gargaɗi ya isa ga direba, ya kama birki, alhali mai aukuwa ta riga ta gabato. Ƙa'idar kamfanin jirgin ba ta wajabta tsayawa ba sai zafi ya kai 170, saboda haka bayan na'ura ta biyu jirgin ya ci gaba da gudu da wuta a ƙarƙashinsa, kamar yadda kyamarorin garin Salem suka nuna daga baya.

Kafin shekarun 1980, a Amurka, a wutsiyar kowane jirgin kaya akwai ƙaramin tarago inda ma'aikata ke zaune suna duban hayaƙi, suna sansanar ƙauri. An soke shi bisa hujjar cewa na'ura ta wadatar, sa'an nan, saboda kwaɗayin rage kashe kuɗi, aka tsawaita jirage, manyan kamfanoni suka rage kusan kashi 30 cikin 100 na ma'aikatansu cikin shekara shida kafin 2022. A ganina nan illar take, domin an janye mutum tun na'ura ba ta cike gurbinsa ba.

Ba zan yi wa na'ura butulci ba, ko kaɗan. A 2008, a Chatsworth ta Kalifoniya, gafalar direban da ya shagala da waya ya wuce jar wuta ta halaka mutum 25, kuma tsarin da ke tsayar da jirgi da kansa, wanda aka kammala a ƙarshen 2020, shi ne maganin irin wannan sakaci. Haka nan tsagewar da ke ɓoye cikin ƙarfen dogo, ido ba ya riskarta, sai na'ura.

Mu da muke shimfiɗa sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ina roƙon hukuma, idan ta sayo na'urori, ta dasa su kusa da juna, ta horar da masu gyaransu, kuma kada ta sallami ma'aikatan da ke bin layi da ƙafa suna duba kusoshi.