Farantin Sola Haske Yake So, Ba Zafi Ba

Ana yawan tambayata me ya sa sola ke rage ƙarfi a watan Afrilu, alhali rana na ƙwallewa.

Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti, a zafin digiri 25 aka auna shi. Duk digiri 1 da ya ƙaru, yana asarar kusan kashi 0.4 cikin 100. Da azahar faranti kan kai digiri 60. Ka ga kusan kashi 14 ya tafi kenan, daidai lokacin da kaji ke haki suna buƙatar fanka.

Ruwa na sanyaya shi, amma da sharaɗi. Ka shimfiɗa siririn tiyo mai huji a gefen sama na farantin, ka sake shi tun da hantsi kafin gilashin ya ɗau zafi. Kar ka sheƙa ruwan sanyi kan gilashin da ya gasu, zai iya tsagewa. Kar kuma ka ɗebo na tankin kifi, dattinsa zai bushe a kai ya tare haske. Wanda ya gangaro, tara shi ka ba shuka.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka.